Clotilde Ta Rasu, Gawarta Tana Bakin Aiki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, da kuma ɓacin ran da babu amfanin ɓoye shi, Don Rosendo Almonte, makarancin masana'antar naɗin taba da ke bakin gada a garin Tamboril, wato mai karanta wa ma'aikata suna aiki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da maƙwabta, har da waɗanda gulma ce kawai za ta kawo su, rasuwar kwamfutarsa, abokiyar aikinsa, mai rufa masa asiri, wadda kowa ya sani da suna Clotilde. Ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya da ake kira sabuntawa, a hannun mai gyara, mai ita yana tsaye a kanta. Allah ya jiƙan halinta na da. Halinta na yanzu kuwa, Allah ya isa.

Ana roƙon duk wanda ya bi ta masana'anta ya hango ta a kan tebur da fitilarta a kunne, kada ya ce an yi masa ƙarya. Gawa ce ya gani. Murfin nata ne, tsagewar da ke kusurwar hagu tata ce, amma wadda ke ciki ba Clotilde ba ce, kuma ba mu san 'yar gidan uban wa ba ce. Don Rosendo ne ya faɗi wannan sanarwa da bakinsa, mai zama a teburin farko ta rubuta. Inda muryarsa ta sarƙe ita ta cike, kuma ba ta neman afuwar kowa.

Marigayiyar ta shigo cikinmu tun zamanin tsohon mai masana'anta, wanda ya sayo ta tsohuwa, ta hannu, ya danƙa wa Don Rosendo. Tun daga ranar take hawa dandamalin katako tare da shi, shi a kujera, ita a tebur kusa da makirfo, mu a ƙasa muna naɗi. Da safe jarida, bayan cin abinci littafi. In karatu ya yi daɗi mu buga wuƙaƙen yankan ganye a kan allunanmu, in bai yi ba mu yi shiru, kuma duk makarancin da ya san aikinsa ya fi tsoron wannan shirun a kan zagi. Dokarmu ɗaya ce tun kaka da kakanni: abin da ke rubuce shi za a karanta mana, ba ragi ba ƙari. Wanda ya riga Don Rosendo zama a kujerar, shafuka ya riƙa tsallakewa don ya tashi da wuri, kuma bai kai ƙarshen wata ba muka sauke shi.

Ba za a yi wa mamaci ƙarya ba, Clotilde ba kyakkyawa ba ce. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya da daɗewa, in an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Farkawa kuwa sai ta ga dama, Don Rosendo kan shanye kofinsa har ya sa a ƙaro kafin ta buɗe ido ta ce, “Tilin-tilin-tam.” Daga nan fankarta ta kama, “Huuu, huuu,” kamar tsohuwa a kan tudu. Wannan nishin nata ya shiga kowane labari da muka ji a ɗakin nan, har wasu cikinmu ba sa iya sauraron labarin soyayya ba tare da shi ba.

Babban halinta shi ne riƙon amana, kuma a nan ne zancen yake da ciwo. Idon Don Rosendo ya daɗe da fara guduwa. Ƙananan haruffa suka fara tafiya, sai fuskokin masu zama a layin baya, sai na tsakiya. Bai faɗa wa 'yarsa da ke New York ba, bai faɗa wa fada a coci ba, bai faɗa wa kowa ba. Clotilde kaɗai ta sani. Duk shekara yakan shiga saitinta ya ƙara wa haruffa girma kaɗan, ita kuma ta karɓa ba tambaya. Ta mayar masa da shafi baƙi, rubutu rawaya kamar nunannen mangwaro, kibiyar linzami ta yi kauri kamar babban yatsa. Taɓawa ɗaya, littafi ya buɗe daidai inda ya tsaya jiya. A 'yan shekarun nan kalmomi kaɗan ne ke cika fuskarta, amma yana jan su yana karantawa sumul, babu wanda ya taɓa jin gargada. Ya karkatar da ita tana kallon bango, ya ce hasken taga ne ke damun sa, muka yarda. Yana gaishe mu da suna tun daga ƙofa, muna cewa kai, mutumin nan akwai kula, ashe tarinmu da takunmu da turarenmu yake ganewa.

Mai cewa me ya sa ya ɓoye, bai san Don Plinio ba. Don Plinio shi ne ɗan tsohon mai masana'anta, shi ke riƙe da ita yanzu, kuma tun ranar da ya hau yake cewa makaranci kayan tarihi ne, rediyo ba ta neman abincin rana. Dalili kawai yake jira. Kujerar nan kuwa ita ce duk abin da ya rage wa Don Rosendo tun da matarsa ta rasu. Kujerar ce ke fitar da shi daga gida da safe da guga a rigarsa.

Ciwon ajalin ya daɗe yana leƙe. Shekara da shekaru Clotilde kan tambaya, “Akwai sabuntawa. Yanzu ko anjima?” Shi kuma ya danna anjima, ta yi shiru. Sun fahimci juna. Ranar wata Litinin da safe sai ba ta tambaya ba. Ya buɗe ta ya tarar da wani abu yana juyawa a tsakiyar fuskarta, da rubutu mai cewa kada a kashe ta. Bawan Allah ya bi umarni, ya zauna yana gadinta, har yana hana mu taka waya. Da ta farka, ba tilin-tilin-tam. Wani ɗan sauti ta yi mai sanyi irin na ƙofar banki. Ya taɓa littafi don ya gwada ta, littafi ya buɗe a cikin wata baƙuwar manhaja da bai taɓa gayyata ba, shafi fari fat yana kashe ido, manyan haruffansa suna nan amma sun hau kan juna, rabinsu ya faɗa bayan fage. Ya dafa maƙogwaro ya ce mana muryarsa ta dushe. Da aka tashi cin abinci ya rungume ta, ya tsayar da ɗan acaɓa, sai shagon Yudelka mai gyaran kwamfuta.

Yudelka ta iya aikinta, wannan sanarwa ba ta ɗora mata laifi ba. Abu ɗaya ne, matar ɗan Doña Ondina ce. Doña Ondina kuwa ita ce mai teburi na uku a ɗakinmu, kuma abin da Yudelka ta ji da rana surukarta ta ji shi da yamma, kafin gari ya waye har masu sayar da ayaba a kasuwa sun ƙara masa gishiri.

Yudelka ta buɗe murfi ta kwashe da dariya. Ta ce, “Don Rosendo, wa ya yi wa kwamfutarka wannan ta'asa? Ji haruffa kamar allon talla! Baƙin shafi, rawayan rubutu, ai wannan saitin makafi ne.”

Nan ne wurin da kalma ɗaya za ta ceci rai. Don Rosendo ya gyara hularsa, ya yi 'yar dariya shi ma, ya ce, “Jikan maƙwabta ne ya yi wasa da ita, 'yata. Ni ma abin ya ishe ni.”

“To bari in mayar maka da ita saitin kamfani, komai ya koma yadda aka ƙero ta, ka huta. In danna?”

“Danna.”

“Tana tambaya wai ka tabbata?”

“Na tabbata mana. Ni yaro ne?”

Ta danna. Fankar ta yi “huuu” sau ɗaya, doguwa, ta yi shiru. Nan Clotilde ta cika.

Mai rubutu ta tambaye shi ko a cire wannan wurin, tunda ba ya ƙara masa kwarjini. Ya ce a bar shi, amma a rubuta cewa ya kamata Clotilde ta ƙi. Ya ce, “Duk zaman da muka yi, ba ta san muryata in ina ƙarya ba? Baƙuwa ta danna mata abu sau ɗaya, sai ta watsar da ni kamar ba ta taɓa sanina ba?” An rubuta kamar yadda ya faɗa.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne, kafin mutum ya ƙara wa haruffa girma sai ya karanta ƙananan haruffan da ke nuna masa inda ake ƙarawa. Wanda ya tsara wannan abu, Allah ya haɗa shi da daidai shi. Da can Don Rosendo ya bi hanyar ne da sauran ganinsa, taki ɗaya duk shekara. Yanzu an ɗauke shi an mayar farkon hanya, ido kuma ya riga ya tafi. Ya gwada a gida da gilashin ƙara girma, hancinsa yana gogar fuskarta, abin da ya samu kawai shi ne ya canza mata harshe ya dawo da shi da ƙyar. Sai ya yanke shawara ranar Asabar zai kai ta birnin Santiago, inda ba wanda ya san shi, ya faɗi gaskiya ga baƙo. Sauran kwanakin kuwa dole a yi karatu. Jarida ya ce babu sabo a cikinta, muka yarda, amma littafi ba ya ɗaguwa.

Littafin da muke ciki labarin wata Casilda ne, wadda aka ɗaure ƙaninta Evaristo a kan rigimar iyakar gonar koko. Don Rosendo ba ya karanta gaba a ɓoye, yakan ce ya fi so mamaki ya kama shi tare da mu, saboda haka bai san ƙarshen ba. Ya hau dandamali, ya buɗe gawar, ya kafa mata ido, ya gyara murya, ya shiga zuba labari daga kansa. Har yatsa yake sawa yana dannawa kamar mai juya shafi.

Wallahi ba a taɓa mako irin wannan a ɗakin nan ba. Casilda ta yi shigar mai wanki ta shiga gidan yari. Shugaban gandurobobi ya faɗa son ta. Kogi ya kawo ya cinye gada, alfadarinta ya yi iyo da ita a bayansa. Wuƙaƙe suka riƙa sauka a kan alluna har masu ɗaure kwali suka baro sashensu suka tsaya a bakin ƙofa. Doña Ondina da kanta ta yi kuka ta share da gefen riga, ta ce ƙurar ganye ce. Shi kuwa yana saukowa rigarsa sharkaf da gumi, muna cewa zafi ne.

Ranar Juma'a da yamma, saura kwana ɗaya ya tsira, Casilda ta sato makulli. Tana tsaye a ƙofar ɗakin da ƙaninta yake, takun ganduroba yana matsowa. Babu mai naɗi a cikinmu, kowa ya saki ganye. Don Rosendo ya ja numfashi. Yatsansa ya sauka inda bai kamata ba. Sai wata murya ta mace, mai zaƙi, mai fara'a, ta fito daga gawar ta bi ta makirfo ta cika ɗakin:

“Barka da zuwa! Har yanzu ba ka buɗe wani littafi ba. Kana so in karanta maka?”

Clotilde ba ta taɓa yi masa magana a gaban mutane ba. Shekarun da suka yi, ko sau ɗaya. Ranar da bakinta ya buɗe, da abin da ya buɗe ke nan.

Doña Ondina ta ajiye wuƙa, ta hau dandamali da ciwon gwiwarta, ta juyo da kwamfutar tana kallonmu. Hoton wani tafki ne da duwatsu, ko kalma ɗaya babu. Ta ce, “Don Rosendo, ina Casilda? A cikin ruwan nan take?” Wasu suka fara dariya. Ta ce, “Mako guda kana raina mana hankali, tsoho? Ni da na yi kuka?” Sai ta tsaya ta dube shi da kyau, ta ga yana kallon gefen kafaɗarta. Ta sassauta murya ta ce, “Yatsu nawa na ɗaga?”

Ya ce, “Uku.”

Hannuwanta duka biyu suna cikin aljihun rigar aikinta. Dariyar ta mutu. Babu wuƙar da ta motsa. Doña Ondina ta sauko ba ta ƙara cewa uffan ba, kuma wanda ya san ta ya san wannan bai taɓa faruwa ba.

Don Plinio yana tsaye a ƙofar ofis, ya ji komai, amma abu ɗaya ne ya shiga kunnensa. Ya hau, ya ce, “Au, ashe tana karatu da kanta?” Ya nemo littafin, ya danna mata. Ta kama karantawa, babu kunya babu tsoron Allah, Don Rosendo yana zaune a gefenta da hularsa a gwiwa. A littafin gaskiya ashe Casilda ba ta je ko'ina ba, lauya ta ɗauka. Don Plinio ya dafa kafaɗar Don Rosendo ya ce, “Kawu, ka yi mana aiki, je ka huta, ka nemi likita.” Da Don Rosendo ya tashi zai ɗauki kwamfutar, sai aka tuna masa cewa kayan masana'anta ce. Jakar kawai ya fita da ita.

Tun ranar Litinin ita ke kan dandamali. Ta ci amanarsa, ta tona masa asiri, sannan ta gaje kujerarsa, duk a mako guda, ko ɗan Adam sai ya yi da gaske kafin ya haɗa ukun nan. Ba ta tari, ba ta shan kofi, ba ta dakatawa inda ya kamata a dakata, mutuwa da ɗaurin aure duk murya ɗaya take karanta su. Mun yi mata shiru tun ranar farko, irin shirun da ke sauke makaranci. Ko a jikinta. Mu ma ba za mu wanke kanmu ba, ranar Juma'ar nan haushin ƙaryar da ya yi mana ya hana ko ɗayanmu buɗe baki, har ya kai ƙofa yana lalube.

Yudelka ta je gidansa da kuka, ta ce, “Baba, da ka faɗa mini ai kafin ka shanye ruwa na gyara maka. Ko yanzu in Don Plinio ya yarda sai in mayar da komai.” Don Plinio bai yarda ba, ya ce haka ta fi masa. Don Rosendo kuma ya ce ko an yarda ba ya so. Ya ce, “Me za ta rufa mini yanzu, 'yata?”

Marigayiyar ta rasu ta bar wayar caji mai ɗauri uku, wadda take hannun Don Plinio tana yi wa gawar hidima, Allah ya shirye ta. Ta bar linzami, wanda tun ranar bai ƙara motsi ba. Ta bar jakar yadi da marigayiya matar Don Rosendo ta ɗinka mata. Ta bar Casilda tsaye a ƙofar kurkuku da makulli a hannu. Ta bar ɗaki guda na masu naɗi da kunya ta hana su haɗa ido. Ta kuma bar Don Rosendo Almonte, wanda har yau yake tashi da sassafe ya goge riga, sannan ya tuna.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a tsakar gidan Don Rosendo, bayan shagon aski. An nemi gawa, Don Plinio ya ce tana bakin aiki, saboda haka jakar za a binne a gindin bishiyar fiya. Fada ya ba da haƙuri, ya ce abin ya fi ƙarfin littafinsa. Doña Ondina ce za ta ja addu'a, ita ta roƙa, kuma an bar ta ne da sharaɗin ba za ta ƙara komai daga kanta ba. Za a ba da kofi da shayin citta da biskit da cuku. Masu wasan domino su zo da teburinsu. Duk mai waya ya kashe ta a bakin ƙofa, gidan ba ya karɓar abin da ke magana ba a tambaye shi ba. Masu niyyar zuwa da wuƙaƙensu don su ji ko makullin ya buɗe ƙofar, su sani bai yi alkawari ba, kuma ranar ba ranar roƙo ba ce.

Sauran abu ɗaya, wanda Don Rosendo ya sa aka karanta masa sau biyu kafin ya yarda a bar shi. Zai zauna a kujera a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo, komai daɗewarsu tare, ya matso kusa, ya kama hannunsa, ya faɗi sunansa. Ba ya ganin fuskokinku, kuma ya gaji da yi kamar yana gani.